Uban Jarumi Masanin Kimiyya: A Kashe Shi a Shafi na Huɗu ko a Bar Shi da Rai?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina ɗan taɓa zane, kuma na fara rubuta labarin zane irin na su Superman. Jarumata yarinya ce 'yar shekara 16, mahaifinta malamin kimiyya ne a jami'ar garinsu, a ɗakin gwaje-gwajensa ta samu ƙarfinta, shi kuma ya mutu a shafi na huɗu. Da na nuna wa abokina sai ya kwashe da dariya, wai kowa haka yake yi. Da gaske ne? Me ya sa uban jarumi yake yawan zama masanin kimiyya? In cire shi ne gaba ɗaya, ko yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai dariyarsa ba ta gyara maka komai ba. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: inda wannan uba mai farar riga ya samo asali har ya cika labaran zane, da kuma abin da za ka yi da naka. Na daɗe ina karanta irin waɗannan mujallu, ina kuma duba rubutun matasa masu zane kafin su kai maɗaba'a, kuma da wuya a kawo mini tarin rubutu ban ci karo da uban da ya mutu cikin kwalabe da wayoyi ba. Shawarata ita ce ka bar shi a masanin kimiyyarsa. Kashe shin ne nake so ka sake dubawa.

Inda abin ya faro

Da shi aka buɗe fagen. Superman ya fara fitowa a Action Comics lamba ta 1 a 1938, aikin wasu samari biyu na birnin Cleveland a Amurka, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane. Labarin shafi 13 ne, kuma a shafi ɗaya tak aka gama bayanin asalinsa: wata duniya mai nisa ta zo ƙarshe, wani masanin kimiyya ya sa jaririnsa a kumbon da ya harhaɗa cikin gaggawa, ya cillo shi tamu duniyar. Ko suna ba a ba mutumin ba. Sai a Janairun 1939, da labarin ya fara fitowa kullum a jaridu, aka raɗa masa Jor-L, a 1942 kuma ya koma Jor-El. A hankali aka ƙara masa abin da aka fi saninsa da shi yau, wato ya gargaɗi majalisar duniyar Krypton cewa za ta tarwatse, suka yi biris da shi.

Masu nazari sun sha faɗin yadda wannan ya yi kama da ƙissar Annabi Musa (AS) da aka sa a akwati aka jefa a kogi, ga shi kuma Siegel da Shuster 'ya'yan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Turai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da aka sauya. A ƙissa uwa ce ta yi aikin, bisa umarnin Ubangiji. A labarin zane uba ne, bisa lissafinsa. Mai karatu ɗan Amurka na wancan zamani ya ga rediyo da jirgin sama da lantarki sun shigo rayuwarsa cikin ɗan lokaci, don haka duk abin mamakin da aka ce kimiyya ce ta yi shi, zai karɓa ba musu.

Akwai kuma wani uban da ya riga Jor-El. A littafin Gladiator na Philip Wylie, na 1930, wani malamin kimiyya mai suna Abednego Danner ya yi wa matarsa mai juna biyu allurar wani sinadari ba da saninta ba, ta haifi ɗa mai ƙarfin da ya fi na mutane, ɗan kuma bai taɓa samun sukuni da ƙarfin ba. Ka ga tun kafin a je ko'ina akwai uba iri biyu: mai ceton ɗansa da iliminsa, da mai gwada iliminsa a jikin ɗansa. Kusan duk waɗanda suka biyo baya suna tsakanin waɗannan biyun ne, mafi daɗin karantawa kuma su ne waɗanda ba za ka iya cewa ga ɓangaren da suke ba.

Me ya sa marubuta suka maƙale masa

Dalilin farko ƙarancin fili ne. Mai karatu yana buɗe labarin jarumi da tambayoyi a ransa: ina ya samu wannan ƙarfi, me ya sa yake sa kansa cikin haɗari, wa zai fayyace mana abin da ke faruwa idan baƙon abu ya bayyana. In ka ba kowace tambaya nata tauraron, shafukanka sun ƙare kafin a kai naushin farko. Uba masanin kimiyya shi kaɗai yana ɗauke su duka. Shi ya haɗa sinadarin, mutuwarsa ce ta ba da dalilin ramuwa, in kuma an bukaci bayani ga littafin da ya bari, ko muryarsa da ya naɗa.

Dubi Vernon van Dyne, mahaifin Janet wadda ta zama Wasp. Ya fito a Tales to Astonish lamba ta 44 a 1963, ya kunna na'urarsa ta neman halittun wasu duniyoyi, na'urar ta jawo wani dodo, dodon ya kashe shi a wannan fitowar, 'yarsa ta je wurin Hank Pym, masanin kimiyya kuma jarumin da ake kira Ant-Man, neman fansa. Aikinsa ke nan. Janet ta yi sama da shekara 60 ana ba da labarinta, amma tambayi mai karanta mujallun kamfanin Marvel, mai buga labarin, abin da Vernon yake so ko yake tsoro, ka ga ya yi shiru. Abin da ka yi a shafinka na huɗu ke nan, kuma shi ne abokinka ya gani.

Dalili na biyu zamani ne. Bayan gwajin bom ɗin nukiliya na farko kusa da Alamogordo a 16 ga Yulin 1945, da abin da ya faɗa wa Hiroshima da Nagasaki a watan da ya biyo, mutumin ɗakin gwaje-gwaje ya zama abin alfahari kuma abin tsoro a lokaci guda. Yaran da ke sayen mujallun nan a shekarun 1960 sun taso suna jin cewa manyansu sun ƙera abin da zai iya hallaka kowa. Ba mamaki da aka ce mahaifin Farfesa Charles Xavier na X-Men, Brian Xavier, masanin nukiliya ne da ya mutu a Alamogordo ɗin, kuma aikin iyayensa ne ya sauya halittar ɗan. Uba masanin kimiyya ya zama hanyar faɗin abin da kowane ƙarni ke ji game da na gabansa: ku kuka shuka, mu muke girba.

Daga nan aka gangara har ƙasa. A 1985, a The Incredible Hulk lamba ta 312, marubuci Bill Mantlo ya nuna cewa Brian, mahaifin Bruce Banner wanda ke rikiɗa ya zama Hulk, masanin nukiliya ne mashayi, wanda ya sa wa ransa cewa tururin nukiliyar da ya yi aiki da shi ya ɓata masa jini, don haka ɗansa dodo ne. Ya riƙa dukan yaron, ya kashe uwarsa Rebecca. Hulk ya fito tun 1962 a matsayin sakamakon bom mai tururin gamma. Wannan fitowar ta mayar da bom ɗin mabuɗi kawai, fushin kuwa tun daga gida aka tara shi.

Silas Stone, wanda nake so ka nazarta

In da mutum ɗaya zan ce ka zauna ka karanta, Silas Stone ne, mahaifin Victor Stone wanda ake kira Cyborg. Marv Wolfman da George Pérez suka ƙirƙiro su a 1980 don The New Teen Titans na kamfanin DC. Silas da matarsa Elinore dukansu masana ne a cibiyar bincike ta S.T.A.R. Labs, baƙaƙen fata masu babban matsayi a kimiyya, abin da ba a saba gani ba a mujallun lokacin. Tun Victor yana ƙarami suke gwada hanyoyin ƙara basira a kansa. Yaron ya fito da kaifin ƙwaƙwalwa, ya kuma fito da ƙin duk abin da iyayensa ke so. Ya koma wasannin motsa jiki, wurin da jikinsa nasa ne shi kaɗai. Rannan ya leƙa wurin aikinsu, wani gwajin buɗe ƙofa zuwa wata duniya ya kuɓuce, halittar da ta fito ta kashe Elinore, ta yi kaca-kaca da jikin Victor. Silas ya ɗauki sassan ƙarfen da yake bincike a kansu ya haɗa ɗansa da su. Victor ya farka ya ga rabin fuskarsa ƙarfe, ya ce da an bar shi ya mutu.

Tsaya ka auna wannan. Wane uba ne zai ga ɗansa yana mutuwa, da magani a hannunsa, ya naɗe hannu? Babu. Amma kuma gwajin Silas ne ya jawo bala'in, kuma wannan ne karo na biyu da ya yi aiki a jikin ɗansa ba tare da ya tambaye shi ba, ya kuma raba shi da abu ɗaya da yake ƙauna, wato gudu da tsalle a fili kamar kowa. Uban yana da gaskiya, ɗan yana da gaskiya, kuma ba mai iya mayar da hannun agogo baya. Nan labarin yake. Uba masanin kimiyya mutum ne da ya yanke wa ɗansa hukuncin da ɗan ba zai iya warwarewa ba, sannan dole su ci gaba da haɗuwa. In ya mutu a shafi na huɗu, wa yarinyarka za ta yi wa fushi? Wa za ta yafe wa?

Wolfman ma ya kashe Silas, a lamba ta 7 a 1981, amma sai da ya bari suka yi ta gwabzawa tukuna. Silas ya gina wa ƙungiyar ɗansa hasumiyar da ta zama mazauninsu, Victor ya gano tururin nukiliya na cin mahaifinsa, ya zauna da shi kwanakinsa na ƙarshe. Mutuwar ta yi nauyi saboda mun ga abin da aka rasa. Da DC ta sake tsara duniyarta a 2011, aka dawo da Silas da rai, wannan karon uban da ba ya zuwa kallon ɗansa a filin ƙwallo saboda yana ganin aikinsa ya fi. Marubutan sun gane cewa da ransa ya fi amfani.

Japanawa ma suna da nasu, kuma ya fi zafi. A Tetsuwan Atomu na Osamu Tezuka, wanda ya fara a 1952 kuma aka fi sani da Astro Boy, Dakta Tenma ya rasa ɗansa Tobio a haɗarin mota, ya ƙera mutum-mutumi mai kamarsa. Da ya ga yaron ƙarfen ba ya girma, ya sayar da shi ga masu wasan nishaɗi. Wani masanin, Farfesa Ochanomizu, shi ya karɓo shi ya riƙe. Wannan rabon aiki, uban da ya samar da uban da ya rena, ya daɗe a labaran nan. Superman ma Jor-El ya ba shi jini da ƙarfi, manomi Jonathan Kent ya ba shi tarbiyya.

Wani tarko da ke tattare da shi

Uba masanin kimiyya yana da halin janye komai zuwa cikin gida, har duniyar labari ta ƙuntata. Spider-Man ne misalina. A 1962 Peter Parker yaro ne maraya da gizo-gizo ya ciza bisa tsautsayi, da wani ne a tsaye a wurin da shi zai ciza. A 1968 aka bayyana cewa iyayensa jami'an leƙen asiri ne. Da aka sake labarin daga tushe a Ultimate Spider-Man daga 2000, mahaifinsa Richard ya zama masanin kimiyya mai neman maganin sankara, binciken da ya rikiɗe ya zama Venom, dodon da ke cikin abokan gabar Spider-Man. A fim ɗin Spider-Man na 2014 har aka ce da jininsa ya haɗa gizo-gizon, don haka a jikin zuriyarsa kaɗai dafin zai yi aiki. Ni a ganina an yi hasara a nan. Yaron da kowa zai iya zama ya koma ɗan gado. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma ba kowane labari ne na barewa ba. Ka tambayi kanka ko kana son ƙarfin yarinyarka ya zama gado ko ƙaddarar da ta faɗo mata, domin jigon labarin gaba ɗaya yana sauyawa da wannan zaɓi.

Wanda ya fi burge ni wajen sarrafa gadon shi ne Starman na James Robinson da Tony Harris, daga 1994 zuwa 2001. Ted Knight masanin taurari ne da ya ƙera sandar da ke tara ƙarfin taurari, ya yi jarumtarsa tun 1941. A wannan labarin ya tsufa, ya koma ƙaramin tauraro, kuma an nuna ya taɓa samun taɓin hankali saboda nadamar hannun da yake da shi a binciken bom ɗin nukiliya. Ɗansa David mai son gadon an harbe shi tun a buɗe labari. Wanda ya rage shi ne Jack, mai sayar da tsofaffin kaya, mai yi wa rigar ubansa dariya. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Jack ya yarda ya ɗauki sandar bisa sharaɗi: uban ya koma ɗakin bincike ya mayar da iliminsa abin da zai amfani jama'a, ya daina ɓata shi a kan makamin jarumi ɗaya. Ɗa ne yake ɗora wa uba aiki. Yawancin abin da nake tunawa daga wannan labarin ba faɗa ba ne, hirar mutum biyu ce da ba su iya faɗa wa juna suna ƙaunar juna ba.

Abin da zan yi da ni ne kai

Na taɓa faɗawa ramin da kaina. Na rubuta wani labari inda uban jarumi ya tsaya gaban allo yana bayanin yadda na'urarsa ke aiki har shafi uku. Abokin aikina mai zane ya dawo mini da takardun ya ce shi ba zai zana lacca ba. Ya yi gaskiya. Tun daga nan na sa wa kaina doka: da'irar magana ɗaya, wato inda ake rubuta abin da mutum ya faɗa a cikin zane, ba ta wuce kalma 25, kuma duk bayanin da uban zai yi sai ya kasance a lokacin da yake ɓoye wani abu, ko yake roƙo, ko yake kare kansa. In yana bayanin allurar da ya yi wa 'yarsa alhali ya kasa kallon idonta, mai karatu zai haɗiye kimiyyar ba tare da ya ji ɗacinta ba.

Ka taƙaita masa fanni. Kuskuren da na fi gani shi ne masanin da ya san komai: yau yana tiyata, gobe yana ƙera roka, jibi yana gyaran kwamfuta. Reed Richards na Fantastic Four ya tsira da wannan ne don shi babban tauraro ne kuma haka aka gina shi tun 1961. Ƙaramin tauraro in ya san komai, ya kashe maka labari, domin duk matsalar da ta taso sai a ce a je wurin Baba. Ba shi abu ɗaya: ƙwayoyin cuta, ko ƙasar noma, ko hasken rana. Ranar da matsalar 'yarsa ta wuce fanninsa, ya tsaya yana kallo ba abin da zai iya, ranar ce za mu ga uba. Sannan ka san wa ke biyan kuɗin bincikensa da abin da mai kuɗin ke jira, da yawa daga cikin mugayen labaran nan ta wannan ƙofar suke shigowa. Ka kuma ba shi abin da yake so wanda bai shafi yarinyar ba, ko da ƙarin girma ne a wurin aiki da aka daɗe ana hana shi.

Wani abu da na lura a tambayarka: ba ka ambaci uwar yarinyar ba ko sau ɗaya. Ba kai kaɗai ba ne. Elinore Stone masaniya ce kamar mijinta amma an kashe ta don a bar maza biyu da rigimarsu, Rebecca Banner ma haka, Lara matar Jor-El kuwa ta yi shekaru aikinta riƙe jariri da kuka. In ka bar uwar da rai, ta san abin da mijinta ya yi, kuma dole ta ci gaba da zama da shi, ka samu abin da yawancin waɗancan labaran ba su taɓa ba.

Ba na cewa kashe uba haramun ne a rubutu. Mahaifin Batman, likita Thomas Wayne, ya mutu a labarin asali mai shafi biyu a 1939, kuma rashinsa ne ke tuƙa labarin har yau. Wannan ya yi aiki ne domin Thomas ba shi da hannu a abin da ɗansa ya zama, zalunci aka yi masa. Naka uban kuwa a ɗakinsa abin ya faru, akwai bashi tsakaninsa da 'yarsa, kuma mamaci ba ya biyan irin wannan bashi a gaban mai karatu. Son da nake yi wa uba mai rai ra'ayina ne na mai gyaran rubutu, kuma misalaina sun karkata ga DC da Marvel don su na fi zama da su. In ka gwada ka ga labarinka ya fi tafiya da mutuwar, kai ne mai shi.

Tunda a garinsu yarinyar ka kafa labarin, kar ka kwafo yadda Victor Stone ke daka wa ubansa tsawa. Mai karatunmu ba zai yarda 'yar shekara 16 ta nuna mahaifinta da yatsa ba, in ma ya yarda zai tsane ta. Fushin ɗiya a gidan Bahaushe yana da hanyoyinsa, kuma duk ana iya zana su: gaisuwar da aka gajarta, durƙuson da aka yi ido na kallon bango, kwanon abincin da aka ba ƙanwa ta kai maimakon ita. Kuma batun uba ya yi wa ɗa wani abu a jiki tun bai san kansa ba, ba baƙo ba ne a wurinmu, ka tuna yadda 'yan tauri ke ba 'ya'yansu magani tun suna ƙanana. Malaminka na jami'a zai iya zama jikan irin wannan gida, yana raina abin da kakansa ya yi, ga shi ya maimaita shi da sirinji.

In kuma ka sa ta 'yar fari ce, ka samu wani makami kyauta. Uban ba ya kiran sunanta saboda alkunya, sai dai "ke" ko wani laƙabi. Ka riƙe wannan tun daga shafin farko, fitowa bayan fitowa, kar ya kuskura ya faɗa, har ranar da ya ga ginin yana ruftowa a kanta. Sake rubuta shafi na huɗun da uban a raye, a tsaye bakin gadonta yana jiran ta farka, ka turo mini in gani.